Wutsiyar Malam Elbert

Manati Bank,
8 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga ɗiyata Merlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan, ni da gwaggonki Dorla. Ya aikin otal, ya zafin Managua?

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda shekara tara ke nan ba mu wuce katin Kirsimeti ba. Ba zan ja zance ba. Takarda ta zo daga ofishin ilimi: duk malamin da ke koyar da Turanci alhali ba shi da takardar shaida, zai zauna jarrabawa a Bluefields ranar Asabar, 17 ga Afrilu. Wanda ya ci ya riƙe ajinsa. Wanda ya faɗi, a karɓe a ba wani.

Shekara ashirin da takwas ina riƙe da alli a garin nan. Babu gidan da ba ni na koya wa wani a cikinsa bambancin Turancin gida da Turancin littafi ba. Yau kuma wani yaro mai takalmi sau-ciki, wanda ba a haife shi ba lokacin da na fara, shi zai auna ni. To, ya auna.

Sun aiko da tambayoyin gwaji guda arba'in. Ashirin a kan lokutan aikatau, wato jiya da yau da gobe, ashirin a kan daidaita aikatau da mai yin aikin. Na amsa su a zama ɗaya. Sai dai ba su haɗo da amsoshin ba, rashin tsari irin nasu. Dorla ta ce kin gama makarantar Turanci ta yamma, har kina fassara wa baƙi. Ba taimako nake nema ba. Ki dai duba ko alƙalamina ya zame a wani wuri, don idona ba kamar da ba.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Elbert Cayasso

Managua,
19 ga Fabrairu, 1999

Gwaggo Dorla,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar? Burodin kwakwar ya iso, abokan aikina sun cinye shi kafin in juya.

Gwaggo, ina cikin damuwa, kuma ke kika ja min, tunda ke kika tura shi wurina. Na duba takardar Baba. A ɓangaren lokuta ya ci sha takwas cikin ashirin. A ɗaya ɓangaren ya ci uku. Uku, Gwaggo! Da wannan ba zai haye ba.

Ba alƙalami ne ya zame ba. Kin tuna waƙar da yake sa mu rerawa a aji, wadda har ke kike ji daga wurin wanki? “Mai wutsiya da mai wutsiya, tare suke tafiya.” Wutsiya ita ce harafin s da ake maƙalawa a ƙarshen kalma. A koyarwar Baba, in suna ya ɗauki wutsiya don jam'i ne, dole aikatau ma ya ɗauka: the boys plays. In yaro ɗaya ne, duk su tafi ba wutsiya: the boy play. To a Turancin littafi akasin haka ne. Wutsiyar ɗaya ce tak, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura: the boys play, the boy plays.

Na ma gane inda ya samo ta. A Sifaniyanci s tana bin s, los niños buenos, wato yara nagari, shi kuma da Sifaniyanci aka yi masa makaranta. A Turancinmu na gida ba ruwan aikatau da wutsiya sam. Littattafan cocin da ya girma da su kuwa tsohon Turanci ne, a can goeth ake cewa, ba goes ba. Ya haɗa ƙa'idarsa da kansa yana ɗan shekara ashirin da biyu, babu kuma wanda ya isa ya gyara masa a Manati Bank.

Kin san abin da ya faru da ni. Gurbin karatun jinya a Jamaika guda ɗaya ne coci ya bayar a shekarar, na ci komai na faɗi Turanci. Baba ya ce ragwanci ne, ya ce na ba shi kunya, ya yi wata uku bai amsa gaisuwata ba, har na tattara na bar garin. Ban taɓa gaya wa kowa abin da ya kayar da ni ba. Ga shi yanzu a kan teburina da rubutun hannunsa, sau sha bakwai.

In na faɗa masa gaskiya, na ce masa ke nan shekara ashirin da takwas yana koya wa gari kuskure. In na yi shiru, ya faɗi a karɓe ajin. Ni kuma ban ma tabbatar ina son ya ci ba, Allah ya yafe min. Ki ba ni shawara, kwanaki na tafiya.

Ɗiyarki,
Merlene

Manati Bank,
1 ga Maris

Merlene tawa,

Gaisuwa da yawa. Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya taso. Ki yi haƙuri da rubutuna, ni ba malama ba ce, kuma yanzu da na ji labarin wutsiya na gode Allah da ban yi zurfi ba.

Na karanta wasiƙarki sau uku a bayan gida wurin kaji. Da farko dariya ta kama ni, wallahi, har na riƙe ciki. Ashe duk allunan da ya rubuta wa mutane a jikin kwalekwale da ƙofar shago da wutsiya a gurguwar kalma suke! Daga baya na tuna ranar da kika hau jirgin ruwa da jaka ɗaya, sai dariyar ta ɗauke.

Ki ji yadda ubanki yake. Kullum da yamma yana baranda da takardun nan, ya sa farar riga kamar mai jiran bishop. Jiya Cuthbert mai kwalekwale ya biyo da kifi, ya ce, “Tica, an ce za a auna ka a Bluefields kamar buhun rogo?” Elbert ya ce, “Cuthbert, kai da ka yi shekara uku a aji ɗaya, bakinka bai kai nan ba.” Cuthbert ya ce, “Ai daɗin ajin na ji, Tica. Ka dai kawo mana ɗari bisa ɗari, in ba haka ba a kwandon ƙaguwa zan dawo da kai.” Aka yi dariya. Amma da Cuthbert ya tafi, Elbert ya koma kan takardunsa. Miyar rondon na dafa, irin wanda yake so da kan kifi da ayaba, rabi ya ci.

Ƙanena ne, ni na goya shi, na san shi. In ba ajin nan, ba shi da inda zai sa kansa da safe. Tun da uwarki ta rasu ajin ne matarsa. In kuma kika ce masa ya yi kuskure, to ko mala'ika ya sauko da littafi a hannu zai ce mala'ikan bai iya karatu ba.

Ga dabarata. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki ce an canza ƙa'idar. Ki ce Amurkawa ne suka juya ta, su ma masu jarrabawar sabon yayi suke bi. Ai yana son zagin Amurkawa, zai zage su ya ƙoshi, sannan ya rubuta abin da suke so. Ya ci jarrabawarsa, mutuncinsa na nan, kowa ya huta. Ƙaryar a wuyana, ni zan yi bayani a gaban Ubangiji.

Ki ci abinci, a hoton nan duk kin zama ƙashi.

Gwaggonki,
Dorla

Managua,
10 ga Maris, 1999

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, ya makaranta?

Na duba takardar. Lokutan aikatau sun yi kyau ƙwarai. Biyu kawai ka rasa, duk a kan aikin da aka fara a baya yana ci gaba har yau, na yi maka alama da jan biro.

Ɓangare na biyu ne ke da magana. Na tambaya a makarantarmu, an ce yanzu masu jarrabawa sun bi tsarin Amurka, sun juya ƙa'idar wutsiya. A wurinsu wutsiya ɗaya ce: in suna ya ɗauka, aikatau ba ya ɗauka. In mutum ɗaya ne, shi ko ita, aikatau ne mai wutsiya. Na haɗo maka jimloli sittin na gwaji, amsoshin suna bayan takardar. In ka yi goma kullum, kafin Ista hannunka ya saba. Don Allah ka fara da wuri.

Na bar ka lafiya.

Ɗiyarka,
Merlene

Manati Bank,
21 ga Maris, 1999

Merlene,

Na amsa gaisuwarki, na kuma gode da ɗawainiya. Kurakurai biyun na karɓa, idona ne.

Sauran kuwa ban karɓa ba. Da ma na yi zargin haka. Mutanen da suka lalata kiɗa da sutura, yanzu sun iso kan harshe. Harshe ba rigar yayi ba ce da za a yanke mata hannu bana a mayar baɗi. Jam'i ya tafi da jam'i, tilo da tilo, wannan hankali ne, ko yaron goye ya san haka.

Ga abin da na yanke. Zan amsa tambayoyinsu da Turanci na asali, ba zan juya ko ɗaya ba. Na kuma rubuta takardar koke shafi uku zuwa ga ofishin ilimi, na bayyana musu ƙa'idar daga tushe. Iyayen yara arba'in da ɗaya sun riga sun sa hannu, fasto ne kawai ya ce sai ya yi nazari. Ranar jarrabawa, kafin a raba takardu, zan miƙe in karanta ta a gaban malaman lardin nan gaba ɗaya, don su san akwai wanda bai sayar da iliminsa ba.

Jimlolinki sittin suna nan a aljihun tebur, ban taɓa su ba. Abin da ya ba ni takaici shi ne yadda kika karɓi wannan shirme ba musu. Halinki ke nan tun kina ƙarama, neman hanya mai sauƙi. Shi ya hana ki Jamaika, amma ba zan tayar da tsohon zance ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Elbert Cayasso

Managua,
30 ga Maris, 1999

Baba,

Ina gaishe ka. Zan ba wata mata da za ta Bluefields gobe wasiƙar nan ta kai wa Cuthbert hannu da hannu ya kawo maka a kwalekwalensa, don kada ta kwana a hanya.

Kada ka karanta takardar koken nan a gaban kowa. Ƙarya na yi maka. Babu wanda ya canza komai, ba Amurka ba, ba kowa ba. Haka ƙa'idar take tun kafin a haife ka, a Ingila da Jamaika da ko'ina. Waƙar wutsiya kuskure ce, Baba. In ka miƙe a zauren nan malamai za su yi dariya, labarin kuma zai riga ka isa gida, tare da sunayen mutum arba'in da ɗaya da suka yarda da kai.

Ka ce ba za ka tayar da tsohon zance ba, amma ka tayar, to bari in ƙarasa shi. Ana jibi jarrabawata, da safe, kana aske gemu a baranda. Na zo maka da littafin da matar fasto na lokacin ta ara min, na nuna maka shafin, na ce, “Baba, nan sun rubuta the girls sing, ba wutsiya.” Ko juyowa ba ka yi sosai ba, ka ce kuskuren ɗab'i ne. Na ce ai haka yake a shafi biyar da shafi tara. Ka ajiye rezar, ka ce, “Ni zan koya miki ko ke za ki koya min? Wanda ya haife ki za ki bi, ko takardar da ba ki san ubanta ba?” Ka karɓe littafin ka mayar musu da kanka.

Na zauna a zauren jarrabawa ina da amsa biyu a kai, ta littafi da taka. A zuciyata na san wadda ke daidai. Na fara rubuta ta littafi har guda huɗu, sai na ji kamar kana tsaye a bayana, na goge su na sa taka. Ba hanya mai sauƙi na bi ba, Baba. Kai na bi.

Shekara tara ina riƙe da wannan. Da na ga takardarka, akwai daren da na ce a raina bari ya je ya faɗi, ya ji yadda abin yake. Ina jin haushinka har yanzu, ba zan ɓoye ba. Amma ba na son a wulaƙanta ka, kuma ba na son a karɓe ajin.

Kada ka yarda da ni. Ka je gidan fasto ka ari duk wani littafin Turanci da ba na addu'a ba, ko jarida, ko takardar da ke cikin kwalin magani. Ka ɗauki fensir ka nemo wuri ɗaya, ɗaya tak, inda mai wutsiya da mai wutsiya suka tafi tare yadda ka koya mana. In ka samu, ka karanta kokenka, ni kuma in zo har gida in durƙusa. In ba ka samu ba, jimloli sittin suna aljihun teburinka. Kwana sha takwas suka rage daga yau.

Kada ka ga laifin Gwaggo, ni na rubuta ƙaryar da hannuna.

Ɗiyarka,
Merlene

Manati Bank,
16 ga Afrilu

Merlene,

Gaisuwa, a gurguje nake. Yau da safe ya tafi, kuma ban san da wace ƙa'ida ya tafi ba.

Wasiƙarki ta zo ranar Talata bayan Ista, don Cuthbert bai fita da kwalekwalensa ba duk makon Ista. A tsaye Elbert ya karanta ta a bakin ƙofa. Ya ninke, ya dube ni ya ce, “Da ke aka ƙulla?” Na ce, “Da ni, sai me? Ka dake ni mana, Tica.” Ya shige ɗaki, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Laraba bai je makaranta ba. Ko ranar da aka binne uwarki sai da ya leƙa aji da rana, amma ran nan yara suka yi ta jira har suka watse. Wajen ƙarfe goma na hango shi ya fito daga gidan fasto da kwali a ka, cike da littattafai, har da na kiwon kaji da na gyaran injin jirgi. Kwana uku yana kansu da fensir. Ina shara ina jin yana juya shafi, da sauri, da sauri, kamar mai neman zobe a cikin yashi. Ranar Juma'a ya ce in kawo masa takardar maganin ƙafata. Ya karanta ta gaba da baya, ya miƙo min. Na ce, “Ka samu?” Ya ce, “Ki kai wa kaji ruwa, Dorla.”

Litinin ya koma aji, amma an ce lissafi ya yi ta koya musu duk mako. Ranar Laraba 'yan aji uku suka wuce ta gaban gida suna rera waƙar wutsiya don su faranta masa. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe taga.

Ko ya yi jimlolinki, ban gani ba. Aljihun teburin a kulle yake. Abin da na gani shi ne da nake goge masa farar riga jiya, ya ɗauko takardar koken ya sa a jaka. Na ce, “Elbert, don girman Allah ka bar ta a nan.” Ya ce, “Sunayen mutane ne a jiki, ba zan bar miki ki kunna wuta da su ba.” Na ce, “Za ka karanta?” Ya zuge jakar.

A bakin ruwa rabin gari ya fito rakiya, har da masu tafi. Cuthbert ya ce, “Tica, ka nuna musu yadda ake Turanci a Manati Bank!” Ubanki ya zauna a tsakiyar jirgi da jaka a kan gwiwa, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba.

Tsoro nake ji, Merlene. Ki yi addu'a gobe ƙarfe takwas, ko kina fushi ki yi.

Gwaggonki,
Dorla

Manati Bank,
20 ga Mayu, 1999

Merlene ɗiyata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya.

Sakamako ya iso jiya. Na ci, da ƙyar. Ajin yana hannuna. Ban karanta koken ba, na bi gida arba'in da ɗaya na gaya wa kowa dalili.

A zauren, kowace tambaya hannuna ya so sa wutsiyar inda ya saba, sai in hana shi in rubuta taki. Da na kai ta huɗu na tuna cewa a nan kika tsaya kika goge. Na ajiye biro na daɗe, har mai gadin jarrabawa ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

Yara suna jirana da darasin, ni kuma ban san yadda ake koyar da shi ba. Ki rubuto min shi tun daga farko, yadda za a gaya wa ɗan shekara bakwai.

Ba ragwanci kika yi ba, Merlene. Ni na kayar da ke. Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba, amma ina nema.

Mahaifinki,
Elbert